Ɗaurin Liman

Ranar da Uwar Reno ta koma aiki, ba wanda ya gaishe ta da cikakkiyar murya. Mai gadi ya wage mata ƙofa duka ɓangarorin biyu kamar mota ce za ta shiga, ya ce, "Ya haƙuri?" Ta ce da godiya. Mai shara ta jingine tsintsiya ta ce ya haƙuri. Ta ce da godiya. Wata huɗu da 'yan kwanaki tana zaune a gida ana yi mata wannan tambaya, har ta daina jin ta a matsayin magana. Haƙurin ma ba ta san inda yake ba, balle ta faɗi yadda yake. Ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ita ma ta manta.

Lambun da take aiki ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba. Wata ƙungiya ce ta masu kishin itatuwa ta kafa shi, ba don riba ba. Sun tara itatuwan da ke neman ɓacewa suka kewaye su da waya, kowanne da ɗan allo a gindinsa. Ita ce mai kula da rumfar da ake tayar da ƙananan tsirrai a cikin leda, shekara goma sha tara ke nan, shi ya sa kowa ke ce mata Uwar Reno. Mijinta kuwa shi ne mai yi wa itatuwa aure.

Wanda bai san aikin ba zai yi dariya, amma haka ake ce masa. A yanko ɗan reshe daga bishiyar da ake so, a tsaga kan wani tsiro mai ƙarfin saiwa, a soka reshen a ciki, a naɗe da leda, a ɗaure da zare. In Allah ya so sai su haɗe su zama abu ɗaya. Mijin nata yana kiran reshen amarya, tsiron kuma ango. To mutumin da ke ɗaura aure talatin kafin azahar, me za a kira shi in ba Liman ba? Sunan ya bi shi har gida. Limamin unguwa na gaske ma in sun haɗu a hanya sai ya ce, "Abokin aiki, yau nawa ka ɗaura?"

Ranar wata Laraba ya dawo daga aiki, ya zauna a kan kujerar roba a tsakar gida yana cire takalmi. Ya cire ɗaya. Ɗayan wasu ne suka cire masa. Ba jinya, ba sallama, iyakar abin da ta sani ke nan.

A tsakiyar lambun akwai wani tsohon mangwaro da ake kira Kaka. Ita aka tarar a wurin, don ita ma aka sayi filin. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba zare a ciki, kuma in ka ci ɗaya da safe ƙamshin na hannunka har yamma. Masana sun zo da littattafansu, sun zagaya, sun ce ba su san wata irinta a ko'ina ba. Kuma wuyar sha'ani gare ta: in ka shuka ƙwallonta, abin da zai fito wani mangwaro ne daban, mai tsami da zare. Ba a samun Kaka sai ta hanyar aure. Ga shi ta tsufa, cikinta ya ruɓe, rassanta na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A makonsa na ƙarshe Liman ya hau tsani, ya zaɓo 'yan rassan da suka rage masu lafiya, ya ɗaura aure goma sha biyu. Ya jera su a kusurwar rumfa ta baya, ya kewaye da ragar waya, ya rataya kwali ya rubuta: Kada a taɓa.

Can ta nufa bayan ta ajiye jaka. Ta tarar da Auta, ƙanin mijinta, yana ba su ruwa. Shi ne mai zarto na lambun, ƙato mai furfura a gemu, amma har gobe Auta ake ce masa. A da, in ya hango ta sai ya fara, "Matarmu, yau me aka dafa mana?" ita kuma ta ce ya je ya tambayi wadda ya ajiye a gida. Yau ya ajiye bokiti ya ce, "Matar Yaya, kin fito." Ta ce ta fito.

"Ga su nan," ya ce. "Duk sun kama. Ruwa kawai nake ba su. Ban taɓa komai ba, na ce aikin Yaya ne, ke kika san hannunsa."

Ta tsuguna. Sun kama da gaske, kowace amarya ta fitar da ganye jajaye masu laushi. Amma zaren na nan. Liman ba ya amfani da zaren da ke ruɓewa, na roba yake so, irin na ɗinkin buhu, don kada ruwa ya sassauta shi kafin lokaci. Kuma doka ɗaya ce da shi, wadda ba ranar da ba ya faɗa wa masu koyo: kwana arba'in, a yanke. "Zaren nan ba ɗan gida ba ne," yake cewa. "In sun saba da juna a sallame shi. In kuka bar shi, su suna ƙiba shi ba ya ƙiba, sai ya shaƙe su." Kwana arba'in sun wuce har sau uku. Zaren ya fara shiga cikin ɓawo, amma da sauran dama. In ta yanke yau, tabon zai warke kafin damina.

Ta ɗauko wuƙarsa daga ƙusar da yake rataye ta. Ta sa bakin wuƙar a ƙarƙashin ƙullin farko. Ƙullinsa ne, zagaye biyu sannan ɗan wutsiya da aka yanke a karkace. Irin wanda ke jikin igiyar shanya a gida, da na gidan sauronsu, da wanda ya taɓa ɗaure wa 'yarsu hannun jakar makaranta. Wutsiyar ɗaya har da ɗan baƙin yatsansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma ji wani abu ya motsa a ƙirjinta ba. Hannun ne kawai bai ja ba. Ta tsaya haka har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta mayar da wuƙar a ƙusa ta ce gobe.

Tana tashi ta lura da na goma sha biyun. Wannan kam abin kunya ne. Amaryar ta karkace, ledar naɗin ta warware tana lilo, zaren ya zame ya faɗi a kan ƙasar ledar, da wani sakakken ƙulli irin wanda yaro ke yi wa takalmi. Ganyensa biyu kacal. Ta tabbata wani daga cikin masu aikin sa kai na ranar Asabar ne ya sa hannu, irin waɗanda ake nuna wa abu sau ɗaya su ɗauka sun gama sani. Ta ɗan ji haushi, kuma wannan ne abu na farko da ta ji a wata huɗu. Ta tsinci zaren ta jefa a cikin gangar da ake ƙona shara, ta tura ledar da ƙafa bayan durom ɗin ruwa, inda idonta ba zai riƙa faɗawa a kanta ba.

Daga nan shekara ta kama hanya. Lambu irin wannan ba ya jiran mai makoki. Ranar Talata da Alhamis 'yan makaranta ke zuwa cikin doguwar mota, a jera su biyu-biyu, a nuna musu itatuwa, su kuma hankalinsu na kan ƙadangaru. Ranar Asabar masu aikin sa kai, da sababbin safar hannu da waya a ɗaya hannun, sai sun ɗauki hoto sau goma kafin su cika leda ɗaya. Ta koya musu haɗa ƙasa da taki da yashi. Ta cika leda dubu huɗu kafin ruwan farko. Aka yi rabon tsirrai kyauta ga unguwannin da ke kewaye, mutane suka yi layi tun daga ƙofa har bakin titi, wata tsohuwa ta yi rantsuwa ba za ta tafi ba sai an ba ta ɗan Kaka, don a ƙarƙashinta ta yi wasa tana yarinya. Shugabar lambun ta lallashe ta, ta ce ta dawo ƙarshen shekara, za a dasa 'ya'yan Kaka a gaban kowa.

Shugaba mace ce mai kirki, mai saurin tafiya, kullum da takarda a hammata. Ita ke rubuta rahoton shekara ga mutanen da ke tallafa wa lambun, kuma rahoto ba ya son komai sai lissafi. Duk ƙarshen wata sai ta leƙo rumfa. "Uwar Reno, 'ya'yan Kaka fa?"

"Suna nan, Shugaba."

"Nawa?"

"Goma sha biyu."

"Madalla." Ta rubuta ta wuce.

Kuma ba ƙarya ta yi ba, a lokacin. Kowace safiya ita ke fara shiga kusurwar, ta karɓi ban-ruwan daga hannun Auta ma gaba ɗaya. Ta ba su ruwa, ta cire ciyawa, ta duba ganye ko da ƙwari. Sai ta ɗauko wuƙar, ta tsuguna, ta kalli ƙullin. Tana ganin abin da ke faruwa sarai, ai ba makauniya ba ce. Saman zaren yana kumbura, ƙasansa yana tsukewa, kamar yatsan da zobe ya matse. Ta san abincin da ganye ke haɗawa ba ya sauka, ta san saiwa na jin yunwa. Da wani ne ya yi wannan sakaci a rumfarta, da ta wanke shi tas a gaban mutane. Amma sai ta mayar da wuƙar. Goben nan tata ba ta da ranar zuwa, kuma abin da ya fi ban tsoro, ko damuwa ba ta yi.

A gida ma haka. Takalminsa na nan a bakin ƙofa inda aka ajiye. Rediyonsa na kan taga, a tashar da ya bari. 'Yarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, tana kira kowace Juma'a da yamma. "Mama, kina cin abinci?" Tana ci. "Kina barci?" Tana yi. "Mama, ki yi kuka mana, ko sau ɗaya. Wallahi shirun nan naki ya fi ba ni tsoro." Ta ce to, za ta yi, kamar an aike ta sayen gishiri.

Da damina ta yi nisa, ƙungiyar ta shirya wa matan unguwa horo a kan auren itatuwa, don su riƙa yi wa nasu na gida. Tun da ba Liman, ita aka sa. Mata ashirin da uku suka zauna a kan benci a bakin rumfa, kowacce da reza. Ta nuna musu tsagawa, ta nuna musu sokawa, ta nuna naɗi. Da ta ce wannan amarya, wannan ango, suka fashe da dariya, wata mai baki ta ce, "To in angon ya ƙi fa?" Wata ta ce, "A canja shi mana, ai ba shi ke haihuwa ba." Aka yi ta shewa. Uwar Reno ta jira suka gama, sannan ta ɗaga zaren ta ce, "Ku saurara, wannan shi ne babba. Kwana arba'in, a yanke. Zaren nan ba ɗan gida ba ne. In kuka bar shi zai shaƙe su." Da muryarta ta faɗa, ba gargada. Taku goma ne tsakanin bayanta da ragar wayar.

A makon da ya biyo baya aka yi wata iska da rana tsaka, irin wadda ke zuwa gaban ruwa. Babban reshen Kaka na gabas ya tsage ya faɗo a kan hanyar da 'yan makaranta ke bi. Allah ya sa ranar Laraba ce, ba kowa. Auta ya zagaya gindin, ya ƙwanƙwasa da bayan gatari, sautin ya fito kamar na tulun da ba komai. Ya tura hannu cikin kogon har kafaɗa, ya fito da ruɓaɓɓen gari. Aka yi zama a ofis. Ba wanda ya so, amma ba wanda zai yarda bishiya ta faɗa wa ɗan wani. Aka kewaye ta da jan ƙyalle, aka tsayar da cewa ƙarshen shekara za a sare ta, a kuma dasa 'ya'yanta a ranar.

Bayan zaman Auta ya biyo ta har rumfa. "Matar Yaya, akwai wani ɗan reshe can sama ta yamma da ke da sauran kore. In kina so in hau in yanko, ki ƙara ɗaura ko biyu ne. Don ko-ta-kwana."

Ta kalli ƙasa. Ƙarin aure yana nufin ta shiga kusurwar da shi, ya ga abin da ke ciki. Yana kuma nufin ƙullinta ya zauna kusa da na Liman. Ta ce, "Muna da goma sha biyu, Auta. Kada ka hau ruɓaɓɓiyar bishiya a banza."

Ya ce to. Kafin wata ya ƙare, wannan reshen ma ya bushe.

Na farko ya karye ne da kansa. Ta shigo da safe ta tarar da amaryar a kwance a ƙasa, ta ɓalle daidai wurin zaren, wuyan bai fi kaurin tsinken ashana ba. Ta ɗauka, ta juya, ta kafa ɗan sanda, ta jingina ta a jiki ta tsayar. Na biyu da na uku ba su karye ba, ganyen ne ya yi rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya tsaya a jiki bai faɗi ba. A nan ma da ta yanke, da an tsira da shida ko bakwai. Ta sani. Ta ɗauko wuƙar, ta mayar. Angwayen kuwa, da suka ga sama ta toshe, sai suka fara fitar da nasu tohon ta ƙasan zaren, kore shar, masu ƙarfi, na mangwaron banza mai tsami. Aikinta ne ta tsinke su, amma ta bar su. Daga bakin rumfa, ta cikin raga, kusurwar ba ta taɓa yin kyau kamar haka ba.

"Kai, masha Allah," in ji Shugaba a ƙarshen wata. "Dubi yadda suka yi. Nawa?"

"Goma sha biyu."

Ranar saran ta zo cikin rani, da safe. An kafa rumfuna biyu, an jera kujeru, mutanen unguwa sun cika wurin, har da tsohuwar nan a layin gaba da sandarta. An haƙa ramuka goma sha biyu a kewayen filin, kowanne da tarin taki a gefe. Shugaba ta yi jawabi a kan abin da aka yi a shekara, makarantu nawa suka zo, tsirrai nawa aka raba, mata nawa aka horar. Ta ambaci Liman, aka yi masa addu'a. Sannan Auta ya tayar da zarton inji. Bai ɗauki lokaci ba, don ba abin da ya rage a ciki. Kaka ta yi wani ƙara, ta kwanta inda aka ja ta da igiya, ƙura ta tashi. Wasu mata suka share hawaye. Uwar Reno na tsaye tana kallon sararin da ya buɗe, tana tunanin cewa yanzu rana za ta riƙa dukan rumfarta da yamma, sai an ƙara raga.

Auta ya kashe zarto, ya goge fuska, ya jawo baro. "Mu je mu ɗauko su," ya ce.

Ta bi shi. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ja baya ba. Ya buɗe ragar, ya sunkuya zai ɗauki ledar farko, sai ya tsaya. Shi mai zarto ne, amma ƙanin Liman ne, ya san ganyen Kaka ko a mafarki. Ya buɗa koren tohon da hannu. A tsakiya ga busasshen tsinke, ga zaren ya nutse cikin ɓawo har ba a ganinsa, sai ɗan wutsiyar. Ya taɓa, tsinken ya faɗi. Ya duba na biyu, ya duba na uku. Ya bi su har goma sha ɗaya, yana kankare ɓawon kowanne da farce ko zai ga kore. Babu.

Ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Matar Yaya, ba ki yanke ba."

"Ban yanke ba."

"Kin manta ne?"

"Ban manta ba. Kullum sai na ɗauko wuƙar."

Ya kalle ta, ya kalli wuƙar a jikin ƙusa, ya kalli 'yan wutsiyoyin nan goma sha ɗaya. Ta ga ya gane, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Daga waje ana jiyo Shugaba a lasifika tana cewa jama'a su ɗan ƙara haƙuri, ga 'ya'yan Kaka nan tafe.

"Goma sha ɗaya na gani," in ji Auta. "Ina ɗayan?"

Sai da ta yi tunani. "Wani ɓatacce ne. Yana bayan durom. Ba aikinsa ba ne, wani ɗan Asabar ne ya yi wasa da shi."

Auta ya zagaya durom ɗin ya jawo ledar. Wata takwas tana can, ba mai ba ta ruwa sai ɗigon da ke zuba daga bakin famfo. Ta yi tsawon kamu uku. Har yanzu a karkace take, amma wurin haɗin ya warke sumul, ya zama ɗan gwiwa, ba ka ce abu biyu ne ba. Auta ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya kai hanci, ya miƙa mata. Ƙamshin Kaka ne.

Ya ɗaga ledar ya riƙe.

"Aikinsa ne," ya ce. "Ina tsaye a nan ya yi shi. Ranar Larabar ce, bayan azahar. Shi ne na ƙarshe."

"A'a. Ƙullin ba nasa ba ne. Na gani."

"Hannun ne ya ƙi. Sau biyu wuƙar na faɗuwa. Yatsunsa na hagu ba sa kamawa, da haƙori ya ja zaren. Na ce Yaya kawo in ɗaura maka, ya ce a'a, limami ba ya ba da aron ɗauri. Na ce to mu je asibiti. Ya ce gobe, yau ya gaji. Ya ce kada in faɗa miki, za ki tayar da hankali." Ya sauke ledar cikin baro. "Ni ma da nawa goben, Matar Yaya. Shekara guda ina ɗauke da shi."

Ta tsaya da ganyen a hannu. Ta tuna sakakken ƙullin nan a kan ƙasa, da yadda ta ɗauke shi da yatsa biyu kamar ƙazanta. Wata takwas tana gadin ƙulli goma sha ɗaya har suka kashe abin da aka ba su riƙo, wanda kuwa ya yi da sauran ƙarfinsa, da haƙorinsa, ta jefa shi a wuta tun ranar farko. Abin ya shige ta, kuma ya yi zafi. Zafi na gaske, a ƙarƙashin haƙarƙari, har sai da ta dafa durom. Ta yi kewarsa a lokacin, kewar da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da shi, ta kuma ji kunyarsa kamar yana tsaye a bakin ragar.

Ta miƙa hannu ta ciro wuƙar. Ta tsuguna a gaban ledar farko, ta tono zaren daga cikin busasshen ɓawo, ta ja. Ya tsinke da ɗan sauti. Ta matsa ta biyu.

"Ba amfani yanzu," in ji Auta.

"Na sani."

Ya tsaya har ta gama duka goma sha ɗayan, hawaye na zuba a kan hannunta tana sharewa da gefen mayafi don ta ga wurin yanka. Ta naɗe wuƙar ta sa a aljihun rigar aiki.

"Me za mu ce wa Shugaba?" ya tambaya.

"Ni zan faɗa. Ni na ce goma sha biyu."

Ba ta yarda a bar ledar a baro ba, ta rungumo ta a ƙirji. Da suka fito, mutane suka fara tafi, sai tafin ya yi ta raguwa da suka ga baron ba komai. Ta je gaban Shugaba ta ce, ba a lasifika ba amma na kusa sun ji, "Ɗaya ne, Shugaba. Sauran sun mutu a hannuna. Ban yanke zaren ba." Shugaba ta kalli takardar da ke hannunta, ta kalli ramukan. Tsohuwar layin gaba ta taso da sandarta, ta tsinki ɗan gefen ganye ta shinshina, ta ce, "Ita ce." Ta koma ta zauna.

A ramin da ya fi kusa da kututturen aka dasa. Uwar Reno ta yaga ledar, ta zaunar da saiwar, ta tura ƙasa da hannu, ta danna. Da yake tsiron a karkace yake, Auta ya kafa sanda a gefensa ya miƙo mata zare. Ta girgiza kai. Ta yagi bakin tsohon tsumman da take goge hannu, mai ruɓewa da kansa in ya sha ruwa, ta zagaya shi sau ɗaya, ta zura yatsu biyu tsakaninsa da ɓawon ta tabbatar akwai wuri. Sannan ta ce wa Auta ya kawo ruwa, bokiti biyu, kuma a mayar da ƙasar sauran ramukan kafin yara su faɗa.